Hirar tsofaffin ƙwallaye a Madawa da Buza da Keita

Tuna tsofaffin 'yan wasa da ƙwallayen da suka ci wani babban ɓangare ne na son ƙwallon ƙafa, kuma a Madawa da Buza da Keita, cikin jihar Tawa, hirar tana da wurarenta sanannu. Ana yin ta a fada bayan isha'i yayin da ake jiran shayi na biyu, ana yin ta a ƙofar gidan kallo lokacin hutun rabin lokaci ko idan wuta ta ɗauke. Galibi da musu take farawa. Wani matashi zai ce ba a taɓa yin kamar wane ba, sai wanda ya girme shi ya ajiye kofi ya tambaye shi ko ya ga Okocha yana wasa.

Sunayen da ake ambata suna bin hanyoyin da mutanen yankin suka bi. Ƙasa ce ta 'yan ci-rani, kuma waɗanda suka yi zaman Abijan da Drogba suka dawo a bakinsu, musamman ƙwallon da ya ci da ka a minti na 88 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2012, wadda ta ceto Chelsea daga hannun Bayern Munich. Madawa kuwa tana kusa da iyakar Najeriya, don haka tarihin Super Eagles kamar na gida ne a can. Ana tuna Rashidi Yekini riƙe da raga yana kururuwa bayan ya ci Bulgeriya a 1994. An fi daɗewa a kan wasan Atlanta na 1996: Brazil tana gaba da ci 3 da 1, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke ana dab da tashi, sannan ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Da yawa daga cikin dattawan da ke ba da wannan labari a rediyo suka ji shi, ko a talabijin guda da unguwa ta yi wa zobe, amma suna kwatanta juyin Kanu da ƙafa da kafaɗa kamar a gabansu aka yi.

Inda hirar ta fi zafi shi ne zamanin Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, na 2010 zuwa 2013. A watan Oktoba na 2010 Masar ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka da ta ɗauka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010, kuma Musa Ma'azu ya ci ta ɗaya mai ban haushi a filin Janar Seyni Kunce. A wasannin neman gurbin gasar kofin Afirka, Mena ƙarƙashin mai horarwa Haruna Dula ta cinye wasanninta uku na gida, ta faɗi a duka ukun waje. A ranar ƙarshe, cikin Oktoba na 2011, Masar ta rama da ci 3 da nema, Afirka ta Kudu kuma ta yi canjaras da Saliyo, 'yan wasanta suka kama rawa a fili suna zaton sun wuce. Ƙasashe uku ne ke da maki tara-tara, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo, kuma doka ta ce a duba wasannin da suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar ce ke sama da maki shida. Haka ta je gasar kofin Afirka karo na farko a 2012, inda William N'Gounou ya ci mata ƙwallonta ta farko a ragar Tunisiya. A 2013 ta koma ƙarƙashin Gernot Rohr, ta samu makinta na farko da canjaras babu ci da Kwango ta Kinshasa, wasan da har yau ake yabon mai tsaron gida Kasali Dauda saboda shi.

Abin da ya sauya hirar a 'yan shekarun nan shi ne waya. A da, idan musu ya yi tsanani, wanda ya fi shekaru ko ya fi iya zance shi ke raba gardama. Yanzu sai a zaro waya a nemo bidiyon a YouTube, ko wani ya tura shi ta WhatsApp. Wannan yana da amfani na gaske. Yaron da aka haifa bayan 2000 yana iya ganin yadda Okocha ya yi ta yanke 'yan bayan Karlsruhe da Oliver Kahn a 1993 kafin ya jefa ta raga, ya gane cewa ba zuzutawar manya ba ce.

Sai dai wayar tana da son kai. Abin da kamara ta ɗauka shi kaɗai take iya nunawa, kuma sannu a hankali abin da ba shi da bidiyo yana fita daga hira. Ƙwallayen Turai an ɗauke su ta kusurwa goma. Na Mena ana samun wasu, cikin hoto mai dishi-dishi. Na gida kuwa babu. Kowane gari a wannan yanki ya yi gwanayensa a gasar babban hutu da wasannin makarantu da karawar unguwa da unguwa, a filin ƙasa mai tsakuwa, da layin da aka ja da toka ko farar ƙasa. Akwai ɗan wasan da bugun tazararsa ya sa gari ya kwana yana murna, akwai mai tsaron gidan da ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida babu safar hannu. Waɗannan a bakin waɗanda suka gani kaɗai suke, kuma idan dattijo ya fara labarinsu sai yara su ce a nuna musu. Tunda babu abin nunawa, sai zancen ya koma kan Ronaldinho. Wannan asara ce, domin yaron Buza da ya san cewa maƙwabcinsa mai ɗinki ya taɓa tayar da fili tsaye yana kallon wasan a matsayin abin da shi ma zai iya.

Kokowa ta nuna cewa ana iya riƙe suna ba tare da kamara ba. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a birnin Tawa a 1975, sunayen 'yan kokowa suna yawo cikin kirari da waƙar makaɗa da sharhin rediyo da Hausa, shi ya sa wanda bai taɓa ganin ɗan kokowa Kantu a fage ba ya san shi. Ƙwallon gida ba ta samu wannan gata ba, ga shi kuma ba a cika adana sakamakonta a rubuce ba.

Gyaran bai fi ƙarfin masu hirar ba. Wayar da ke nuna Drogba tana ɗaukar murya, kuma tsofaffin 'yan wasa da alƙalan wasa da malaman motsa jiki na shekarun 1980 da 1990 da dama suna nan da rai. Gidajen rediyon al'umma na iya ware musu fili a mako, a haɗa mutum biyu ko uku da suka buga wasa ɗaya domin su gyara wa juna kuskure. Masu shirya gasar hutu kuma su ajiye littafi guda a hannun mutum mai amana, a riƙa rubuta shekara da fili da ƙungiyoyi da sakamako da sunan wanda ya ci, a haɗa da hoton kowace ƙungiya kafin a take wasan ƙarshe.