Hannun Mai Ratayewa: Tsokaci a Kan Ayyukan El Anatsui a Zauren Nuni

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu jawo hankalin manazarta ga wasu ma'aikata da ba a cika ambatonsu ba, watau masu kafawa da rataye ayyukan fasaha a zaurukan nuni na zamani. Su ne ke hawa tsani, su auna bango, su buga ƙusa, su saita fitilu. Za mu kafa hujja da ayyukan El Anatsui, wanda aka haifa a Gana a 1944, ya kuma fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 1975.

2.0 Yanayin Aikin

Anatsui ya shahara da haɗa dubban marafan kwalaben giya na alminiyam. Mataimakansa kan daddaƙe su, su huda, su ɗinke da wayar jan ƙarfe, har su zama tamkar makeken zane. Irin wannan aiki ba shi da tsayayyar siffa. A naɗe ake kai shi zauren nuni, kuma sanannen abu ne cewa mai aikin yakan bar wa masu ratayewa damar lanƙwasa shi yadda suka ga ya dace.

To, a nan ne batun yake. Inda aka tattare zanen, nan inuwa take taruwa. Inda aka sake shi, nan haske yake kwanciya. Ke nan abin da mai kallo ya gani a Venis a 2007, lokacin da aka lulluɓe fuskar ginin Palazzo Fortuny da ɗaya daga cikin ayyukan, ya ƙunshi shawarar waɗanda suka ɗaura shi. Haka kuma a 2023, a babban zauren Tate Modern na Landan, mai tsayin mita 35, sai da aka lissafa nauyi da ƙarfin igiya kafin aikin ya tsaya bisa kawunan jama'a.

3.0 Inda Sharhi Ya Gaza

Duk da haka, galibin masu sharhi sukan yaba lanƙwasa da walƙiyar aikin kamar daga hannu ɗaya suka fito. A ganinmu wannan kuskure ne ta fuska biyu. Na farko, an tauye haƙƙin ma'aikaci. Na biyu, an ɓata nazarin kansa, domin manazarta biyu da suka ga aiki guda a garuruwa dabam-dabam, ba siffa ɗaya suka gani ba, alhali suna muhawara kamar ɗaya ce.

Akwai misalin da za a iya koyi da shi. Sol LeWitt, mutumin Amurka, a zamanin rayuwarsa yakan rubuta umarni ne, wasu su zana a bango. Amma a bayanan zane-zanensa akan rubuta sunayen waɗanda suka fara zanawa, da wuri da shekara.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna ba da shawara cewa duk kundin nuni ya ambaci sunayen masu ratayewa, ya kuma adana hoton kowace ratayewa da kwanan watanta. Mai sharhi kuma ya riƙa faɗin wurin da ya ga aikin kafin ya yanke hukunci a kansa.