Fitinar Salem: Nazari a Kan Mutunci da Nadama da Ruɗanin Jama'a a Wasan Arthur Miller

Daga cikin wasannin kwaikwayon da aka rubuta a Amurka a ƙarni na ashirin, kaɗan ne suka daɗe a hannun malamai da ɗalibai kamar The Crucible, wanda Arthur Miller ya tsara, aka fara nuna shi a birnin New York a watan Janairu na 1953. Marubucin ya ɗauko ƙashin labarinsa daga abin da ya auku a Salem ta yankin Massachusetts a 1692, sa'ad da waɗansu 'yan mata suka riƙa faɗuwa suna shure-shure suna kiran sunayen maƙwabtansu, har aka rataye mutum 19 bisa tuhumar maita, aka kuma danne wani dattijo mai suna Giles Corey da duwatsu har rai ya yi halinsa, don ya ƙi ya amsa tuhumar da i ko a'a.

Abin da ya kamata mai nazari ya fara dubawa shi ne irin hujjar da kotun ta dogara da ita, domin a nan ne asalin ɓarnar yake. Idan yarinya ta ce kurwar wance ta zo tana shaƙe ta, alhali wancen tana zaune a gaban alƙalai kowa yana ganinta, sai a karɓi maganar a matsayin shaida, tunda a ganinsu laifi ne na gaibu wanda ba mai iya ganinsa sai maye da wanda ya kama. Mai karatu Bahaushe, wanda ya san yadda akan taru a kan tsohuwa a ce ta kama kurwar yaro, ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Wanda kuma ya leƙa littattafan fiƙihu ya san ƙa'idar da ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa, da wadda ta ce a kau da haddi idan akwai shubuha; to, a Salem an kifar da su duka biyun, aka ƙara da wata ta uku mafi muni, wato wanda ya yi iƙirarin maita ya ambaci abokan tarayyarsa yakan tsira da ransa, wanda ya dage cewa bai yi ba shi ake kaiwa ga igiya. Tituba, baiwar Parris limamin garin, ita ce ta fara gane wannan ƙofa bayan an yi mata barazanar bulala da rataya, kuma da ta shige ta sai kowane mai tsoro da kowane mai ƙullin zuciya ya bi sahunta: wani mai suna Putnam yana kwaɗayin gonakin maƙwabta, Parris yana tsoron rasa muƙaminsa, Abigail kuwa, ɗaya daga cikin 'yan matan, tana neman gurbin matar wani.

Gwanintar Miller ta bayyana ne a wajen zaɓen gwarzonsa, domin da ya ga dama da ya gina wasan a kan Rebecca Nurse, tsohuwa saliha wadda ba a san ta da aibi ba, amma sai ya ɗora shi a kan John Proctor, manomi mai faɗar gaskiya a bainar jama'a wanda yake ɗauke da zunubin zina da Abigail a ɓoye. Tun farko ya ji daga bakin yarinyar cewa babu wata maita a cikin al'amarin, amma kunyar tonon asirinsa ta sa ya yi jinkiri, kuma a cikin jinkirin nan fitinar ta yi ƙarfi har ta ci matarsa Elizabeth. Da ya tashi fallasa kansa a gaban kotu don ya rushe amincin Abigail, sai aka kira matar tasa, wadda ya riga ya shaida cewa ba ta ƙarya, aka tambaye ta, ita kuwa don ta rufa wa mijinta asiri ta musanta. Ƙarya guda da aka yi don ƙauna ta zama sanadin halakarsa, a kotun da ta yi ta haɗiye ƙaryar maƙiya ba tare da bincike ba.

Alƙali Danforth shi ne misalin mai mulkin da ya ɗaura darajar kujerarsa da kuskurensa, har ya ƙi ɗage rataya don kada a ce waɗanda aka riga aka kashe an zalunce su. Malamin coci Hale kuwa ya shigo garin da tarin littattafai da yaƙinin ilminsa, ya ƙare yana roƙon fursunoni su yi iƙirarin ƙarya su ceci rayukansu, wanda hakan ke nuna nadamar da ta zo bayan bakin alƙalami ya bushe. Tsakanin waɗannan biyun Proctor ya tsaya: ya yarda ya amsa laifin, ya ƙi ambaton kowa, ya sa hannu, sa'an nan da ya ji za a kafa takardar a ƙofar coci ta zama hujja a kan abokansa da abin kunya ga 'ya'yansa, sai ya kekketa ta ya zaɓi igiya. Hukuncin wasan shi ne cewa mai zunubi bai rasa ikon riƙe amana ba, kuma tubar gaskiya takan tabbata ne a ranar da aka nemi mutum ya sayi ransa da sunan wani.

Wajibi ne a faɗa cewa Miller bai bi tarihi sau da ƙafa ba, domin Abigail ta asali yarinya ce 'yar kimanin shekara 11, shi ya mai da ita 17, Proctor kuma ya kai wajen 60, soyayyar tasu ƙirƙira ce. Ya yi haka ne da ido a kan zamaninsa, lokacin da Sanata Joseph McCarthy da wani kwamiti na Majalisar Wakilai suke farautar 'yan gurguzu, ana tilasta wa mutane su ambaci abokansu. A 1956 aka kira shi kansa gaban kwamitin, ya ƙi ambaton kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Hausawa suna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma haka ya kasance a fitinar Salem, domin alƙali Samuel Sewall ya nemi gafara a bainar jama'a a 1697, aka kuma ba da umarnin biyan iyalan waɗanda aka zalunta diyya a 1711. Sai dai babu ɗaya daga cikin wannan da ya dawo da wanda aka rataye. Saboda haka duk wanda ya ji an taru a kan mutum ana kiransa maye, ko maci amana, ko wani suna mai halatta jini, wajibinsa ne ya tambayi hujja tun kafin ya ɗaga murya tare da jama'a.