Wild Bill Hickok a Hannun Marubuta Biyu

Da yawa daga cikinmu a fina-finan kaboyi muka fara jin sunan Wild Bill Hickok, tun kafin mu san cewa mutum ne da ya rayu a Amurka daga 1837 zuwa 1876. Ya yi wa sojojin Arewa leƙen asiri a yaƙin basasar ƙasar, daga baya aka damƙa masa tsaron doka a garin Abilene na jihar Kansas a 1871.

George Ward Nichols ne ya fara kuranta shi, cikin wata maƙala da mujallar Harper's ta buga a 1867, inda ya nuna Hickok shi kaɗai ya gama da mutum goma a Rock Creek. Alhali mutum uku ne suka mutu a rigimar ta 1861, kuma ba shi kaɗai aka tuhuma ba. Ko sunansa ma Nichols bai rubuta daidai ba! A ganinmu wannan aikin maroƙi ne.

Shi kuwa Joseph G. Rosa, a littafinsa They Called Him Wild Bill na 1964, takardun kotu da tsofaffin jaridu ya bi. Yakan jibga hujjoji har mai karatu ya ƙosa, kuma a fili yake yana ƙaunar gwanin nasa. Duk da haka bai ɓoye abin da marubutanmu masu jaruman da ba sa kuskure za su tsallake ba, wato wani dare cikin Oktoba 1871. Hickok ya harbi Phil Coe, ya ji wani ya taho a guje, ya juya ya sake harbi, ashe abokinsa ne Mike Williams ya kawo masa ɗauki. Bayan wata biyu aka sallame shi, bai ƙara riƙe aikin doka ba.