Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma fuska ba ta iya ba da amsa sai ana ganinta, ba a kuwa ganinta sai da haske. Wannan magana ƙarama ce a baki, amma ita ce gindin sana'ar masu yin fim. Mai kallo ya kan fito daga gidan sinima yana yabon ɗan wasa, ko yana la'antar mugun cikin labari, ba ya ko tunawa da mutumin da ya dasa fitilu, alhali kuwa shi ne ya zaɓi abin da ido zai gani da abin da za a bar wa duhu. Akwai wani fim na ƙasar Amurka wanda ya fito cikin 1967, sunansa In the Heat of the Night, watau cikin zafin dare. Ya cancanci a dube shi da kyau, domin a cikinsa aikin mai fitila ya zama shari'a tsakanin mutum biyu, aka kuwa yi ta bisa adalci.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. A wani ƙaramin gari mai suna Sparta, cikin jihar Misisipi ta kudancin Amurka, aka tsinci gawar wani attajiri da tsakar dare. Ɗan sanda ya shiga neman wanda za a tuhuma, sai ya tarad da wani baƙo Baƙar fata zaune a tasha yana jiran jirgin ƙasa, da kwat tsaf, da kuɗi cikin aljihu. Bai tambaye shi kome ba, ya tasa ƙeyarsa sai ofis. Can ne shugaban 'yan sandan garin, Gillespie, ya gane ashe wanda aka kamo, Virgil Tibbs, shi ma ɗan sanda ne daga birnin Filadelfiya, gwani kuwa wajen binciken kisan kai. Tilas ta sa suka yi aiki tare, kowa na jin haushin ɗan'uwansa. Sidney Poitier ne ya fito a Tibbs, Rod Steiger ya fito a Gillespie. Norman Jewison ya ba da umarni, Haskell Wexler ya ɗauki hoto, shi ne kuma mai hukuncin fitilu.

Kafin a san darajar abin da Wexler ya yi, wajibi ne a san yadda ya tarad da sana'ar. Tun cikin shekarun 1920 masu yin fim na Holiwud suka daidaita a kan fitila uku. Ta fari ita ce uwar fitilu, a kan kafa ta gaban ɗan wasa, a ɗan karkace ta gefe, ita ke fid da siffar fuska, ita ke jefa inuwar hanci da ta haɓa. Ta biyu ba ta kai ta fari ƙarfi ba, a kan sa ta kusa da kyamara ta ɗaya gefen, aikinta ta rage duhun inuwar da uwar ta jefa. Ta uku a bayan mutum ta ke, daga sama, tana zana masa bakin-bakin haske a ka da kafaɗa, don kada ya saje da bango. In an rage ta biyu ƙwarai sai inuwa ta yi kauri, wuri ya yi kwarjini ko ban tsoro. In an ƙara ta har ta yi daidai da uwar, sai inuwa ta ɓace, fuska ta baje kamar faifai. Irin wannan haske mai cika ko'ina shi ne na tallan haja da na finafinan batsa, inda ba zuciyar mutum a ke nema ba, jikinsa kawai.

Wannan tsari ba shi da aibu a kansa. Aibun yana ga ma'aunin da aka gina shi a kai. Masu ɗaukar hoto suna da wani kati mai ruwan toka wanda ke mayar da kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, da shi su ke awo. Farar fata ta kan mayar da kamar ninki biyu na wannan, baƙar fata mai duhu sosai kuwa ba ta kai katin ba. Zaren fim na wancan zamani, watau ledar nan mai magani wadda hoto ke kamawa a jikinta, ba ya iya riƙe wuri mai haske ƙwarai da wuri mai duhu ƙwarai a lokaci guda. Da ya ke taurarin Holiwud farare ne, sai aka yi ta gyara fitilu da hoda da maganin zare don su. Har a ɗakunan wanke hoto, tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya kan aika da wani kati da a ke kira katin Shirley, mai hoton wata Baturiya, da shi a ke daidaita launi. Sai cikin 1995 ya fid da mai mata uku masu launin fata dabam dabam. Ba sai an ce wani ya zauna ya ƙulla mugunta ba. Wanda ya ɗinka riga da awon jikinsa, in ta matse maƙwabci, sai ya ce jikin maƙwabcin ne bai yi daidai ba.

Saboda haka in an haɗa Bature da Baƙar fata cikin hoto ɗaya, sai mai kyamara ya rasa tudun dafawa. In ya yi awo da fuskar Baturen, ta ɗayan ta nutse cikin duhu, ba a ganin kome sai fararen idanu da haƙora. In ya yi awo da ta Baƙin, ta Baturen ta ƙone fat. Maganin da aka saba yi shi ne a dallare Baƙin da wata fitila mai zafi ta musamman. Wannan kuwa gudun gara ne aka faɗa gidan zago, gama goshi da kumatu su kan yi ƙyalli fari-fari, gumi ya keto, sauran fuska kuma ta kasance cikin duhunta. Mai kallo ba ya sanin laifin fitila ne. Abin da ya ke gani kawai shi ne mutum ɗaya mai fuska, ɗaya kuwa inuwa mai zufa, sai zuciyarsa ta bi wanda ta ke iya karantawa.

Asirin abin shi ne baƙar fata ba yawan haske ta ke bukata ba, faɗinsa ta ke so. Duk wanda ya taɓa lura da baƙin rawani ɗan Kura, wanda ya sha shuni ya sha bugu, ya san ba a ganin kyansa da tsakar rana, sai a bakin zaure ko da la'asar sakaliya, sa'ad da sararin sama duka ya ke kwanciya a jikinsa, kowace ninka ta fito da sheƙinta. Haka fata mai duhu ta ke. Tana shanye haske da yawa, amma samanta yana mayar da hoton abin da ya haska ta, kamar madubi mai dishi-dishi. In fitila ƙarama ce mai kaifi, sai ta bar ɗigon ƙyalli. In haske mai faɗi ne mai taushi, sai ya shimfiɗu a goshi da kunci, siffar fuska ta bayyana. Abin da Wexler ya gane ke nan. Maimakon ya ƙara wuta, sai ya rage ta. Ya kan juya fitila ta bugi wani farin abu tukuna, sa'an nan hasken ya komo kan Poitier a sanyaye. Don haka ne a kan lissafa fim ɗin nan cikin na farkon manyan finafinan Holiwud masu launi waɗanda aka tsara haskensu da la'akari da baƙar fata.

Amfanin wannan dabara ya fito a wurare da dama. Na ɗaya, ofishin Gillespie, sa'ad da aka kawo Tibbs. Maganar da a ke yi masa ta wulakanci ce, shi kuwa ba ya iya mayarwa yadda ya so, sai ya haɗiye. Duk fushin yana ga muƙamuƙi da gefen ido, da a ce an haska shi irin na dā, da kallo ya tashi a banza. Gillespie kuwa yana yawan sa tabarau mai ruwan ɗorawa, yana tauna cingam, har ya zama shi ne mai ɓoye ido, baƙon da a ke tuhuma shi ne a fili. Na biyu, wurin duba gawa. Kyamara ta matso kusa da hannuwan Tibbs suna lalubar hannu da fuskar mamacin, baƙi a kan fari, ba wanda ya ɓace cikin su biyun. A ƙasar da Baƙar fata zai iya rasa ransa don ya taɓa Bature, ga hannunsa nan a hankali, cikin sani, yana karanta abin da likitan garin bai karanta ba. Na uku, ɗakin gilashi inda wani mai gonar auduga, Endicott, ke renon furanni. Ya ji zafin a ce Baƙar fata na yi masa tambaya, ya kwaɗa masa mari, Tibbs ya rama nan take. Wannan a cikin hasken rana aka yi shi, ba inuwar da wani zai fake a ciki, kowa ya ga kowa. Na huɗu, dare a gidan Gillespie, su biyu zaune cikin haske kaɗan, gajiya da kaɗaici sun kwanta a fuskokinsu daidai wa daida. Ba a ba ɗaya rana aka bar ɗaya da dare ba.

Wani abin mamaki kuma, zafin daren nan da sunan fim ya ambata, yawancinsa aikin fitila ne da na 'yan wasa. Ba a Misisipi aka ɗauki fim ɗin ba, gama Poitier ya ƙi zama a kudu don tsoron abin da zai same shi. A wani gari mai suna Sparta na jihar Ilinoyi aka yi yawancin aikin, cikin kakar 1966, sanyi ya fara shigowa. Amma mai kallo ya kan ji kamar rigarsa ta manne masa.

Duk da haka ba a rasa abin kushewa ba. Binciken kisan kansa ba shi da ƙarfi, in aka zo ƙarshe aka nuna mai laifi, ba ya girgiza kowa. Babban aibu kuwa shi ne adalcin nan na haske kusan mutum guda ya same shi. Tibbs ya fi kowa ilmi, ya fi kowa tsabta, ya fi kowa iya magana, kamar sai Baƙar fata ya tara wannan duka kafin ya cancanci a ga fuskarsa. Talakawan garin, masu tsinkar auduga, an wuce su da mota, rabonsu cikin labarin kaɗan ne. Marubuci James Baldwin, cikin wani littafinsa na 1976, ya soki fim ɗin a kan yana lallashin zukatan fararen masu kallo da sulhun da ba a kai gare shi ba. Zamani ma ya ba shi gaskiya, domin bikin da aka ba fim ɗin kyautar Oska biyar, har da ta fim mafi kyau, sai da aka ɗaga shi da kwana biyu cikin Afrilu 1968, saboda an harbe Martin Luther King ran 4 ga watan. Steiger ya sami kyautar gwanin 'yan wasa, Poitier ko cikin 'yan takara ba a sa shi ba. Har wa yau kada a ɗauka Holiwud ce ta fara ganin baƙar fuska. Ousmane Sembène na Sanagal ya riga ya fid da fim ɗinsa La Noire de cikin 1966, wanda ya ɗora dukan labarinsa a kan fuskar wata yarinya 'yar aiki.

Bayan Wexler, wanda ya rasu cikin 2015, waɗansu sun ɗora. Ernest Dickerson ya yi haka a Do the Right Thing na 1989, James Laxton kuma a Moonlight na 2016, inda ya bar fata ta yi sheƙi da shuɗi da ruwan zinariya, fim ɗin kuwa ya ci babbar kyautar Oska cikin 2017. Yanzu kyamarori sun bar zare sun koma irin na kwamfuta, suna gani cikin haske kaɗan, fitilu kuma sun yi sauƙi sun daina zafi. Uzurin kayan aiki ya ƙare, saura na ido.

A nan ne maganar ta shafi masu yin fim a Kano da Ikko, waɗanda 'yan wasansu duka baƙaƙe ne, kayan aikinsu da littattafan koyonsu kuwa daga waje su ke zuwa. Hanya mai sauƙi ita ce a cika ɗaki da fitila, a buɗe kyamara har fuska ta yi fari, a ce hoto ya fito. Amma yarinyar da ta tashi tana ganin ba a kiran hoto mai kyau sai fuska ta koɗe, ba fitila za ta zarga ba, fatarta za ta zarga, ta nufi kanti neman man canza launi. Maganin abin kuwa ba tsada gare shi ba. Farin ƙyalle ne, ko farin bango, ko bakin taga, da haƙurin tsayawa a dubi mutum kafin a kunna wuta. Wanda aka ba fitila amana aka ba shi, gama shi zai ce ga wanda za a tambayi fuskarsa labarin zuciya.