Hannun da ke yi wa yaro numfashi

A ɗakin tiyata na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko na babban asibitin Gashuwa, in an kawo yaro aikin ƙaba, hankalin kowa yana kan mai riƙe da wuƙa. Amma akwai wani gwani a wajen kan gado: mai sa barci. Da zarar magani ya ɗauke yaro, numfashinsa ya yi rauni, shi zai hura masa iska da takunkumin roba da wata 'yar jaka.

Wahalar ita ce a maƙogwaro hanya biyu ce, ɗaya ta huhu, ɗaya ta tumbi, iska kuwa mai sauƙi take bi. In ta cika tumbi, sai ciki ya kumbura ya tokare huhu daga ƙasa, abin da ke ciki ya iya dawowa yaro ya shaƙe shi.

Saboda haka tun kafin ya taɓa jaka yake gyara hanya. Jariri ƙeyarsa babba ce, kansa yakan lanƙwashe gaba, sai a naɗe tawul a sa ƙarƙashin kafaɗunsa. Babban yatsa da manuniya su kewaye takunkumi. Sauran ukun su kama ƙashin muƙamuƙi su ɗago shi sama. Ƙashi kawai. In yatsa ya zame ya danna taushin ƙarƙashin haɓa, ya tura harshe ya toshe hanyar ke nan. Wannan kulawa ce ta fi burge ni.

Sannan jaka. Irin wadda Jackson Rees na Liverpool ya ƙara wa na'urar numfashi ta Ayre a 1950, rabin lita ce, buɗe a wutsiya. Gwani yana matsa ta a hankali kamar mai taɓa tumatir a kasuwa, iya abin da ƙirji zai ɗan ɗaga, sannan ya saki. In akwai ma'aunin matsi, yana ƙoƙarin kada matsin ya haura lamba 15. Wanda bai damu ba, in ya ga ƙirji bai motsa ba, ƙara ƙarfi yake yi. Gwani kuwa komawa yake ya sake gyara kai, ko ya sa wata lanƙwasasshiyar roba da ke ɗage harshe.

Abin sauraren ƙirji yana kusa, lokaci-lokaci a ɗora shi a saman ciki. In an ji gurgurar iska, a rage matsi nan take, a zura siririn bututu ta baki zuwa tumbi a fitar da wadda ta shiga.