Sharhi a kan kalmomin da ake fassara rabuwar ƙwayar halitta da su

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram cikin 1973, ake fama da neman kalmomin kimiyya, kuma ilimin halittu yana cikin fannonin da suka fi wuya. Wannan sharhi ya shafi babi ɗaya tak, watau yadda ƙwayar jikin mai rai take rabuwa ta hanyoyi biyu, waɗanda Faransanci yake kira mitoz da meyoz. Kalmomin da aka saba ji a rediyo da rubuce-rubucen Hausa game da wannan babi suna da daɗin faɗi, amma suna kai mai koyo inda kimiyya ba ta nufa ba.

Matsala ta fari ita ce an ɗora wa “ƙwayar halitta” kayan da suka fi ƙarfinta. Da ita ake kiran ɗan ƙaramin ɗakin nan da jiki ya ginu da shi, wanda Robert Hooke ya raɗa wa suna cikin 1665. Da ita kuma ake kiran sinadarin gado da ke cikin ɗakin, da zarurrukan da suke ɗauke da sinadarin, har da ƙwan mace da ƙwayar maniyyi. To, ƙaƙa malami zai ce akwai zare 46 cikin kowace ƙwaya, in zaren da mazauninsa suna amsa suna ɗaya? Wasu sun nemi mafita da “tantanin halitta”. Sai dai tantani a Hausa fata ce marar kauri, irin wadda ake rufe bakin abin kiɗa da ita; ya dace da rufin ƙwayar, bai dace da ita kanta ba. Gwamma a bar “ƙwayar halitta” ga ɗakin kaɗai, a kira abin da ke cikinsa “zaren gado”. Wannan ba ƙage ba ne: sa'ad da Walther Flemming ya ƙirƙiro sunan mitoz cikin 1882, daga kalmar Girkanci mai ma'anar zare ya ciro shi, saboda abin da ya gani ke nan a madubin ƙara girma.

Amma babban aibi yana ga kalmar “rabuwa” in an bar ta tsirara. A kunnen Bahaushe, abin da aka raba ya ragu: rabon gado, rabon nama, rabon gona tsakanin ƴan'uwa. Wanda aka gaya wa ƙwaya mai zare 46 ta rabu biyu, lalle zai lasafta 23 ga kowane ɓangare, kuma lissafinsa daidai ne bisa ga harshensa. Alhali kuwa a mitoz babu ragi. Kafin ƙwayar ta rabu, sai ta kwafi kowane zare ya zama biyu, sa'an nan ta jera su a tsakiya, ta ja su zuwa gefe biyu, kowace ƴa ta tashi da 46 cif, irin na uwar. Ninki ne ya riga rabo. Ƙwayar mutum mai saurin rabuwa takan cika zagayenta cikin awa 24 ko kusa da haka, rabuwar kanta kuwa wajen awa ɗaya take ci. Sauran lokacin na girma ne da kwafi da binciken kuskure. Tsofaffin littattafan Turai sun kira wannan dogon lokaci hutu, kuma duk wanda ya juyo wannan suna zuwa Hausa ya ɓoye wa ɗalibi wurin da ake yin aikin. Binciken matakan da ke tsare wannan zagaye ne ya jawo wa Hartwell da Hunt da Nurse kyautar Nobel cikin 2001. In matakan suka lalace, ƙwaya ta yi ta rabuwa ba linzami, nan ciwon daji yake samun ƙofa.

A meyoz ne ragi yake. Kwafi ɗaya ake yi, rabuwa biyu ta biyo baya, a sami ƙwaya huɗu kowace da zare 23. A jikin mace guda ɗaya ce daga cikinsu take zama ƙwai. Sunan da aka ba ta cikin 1905 ma daga kalmar Girkanci mai nufin ragewa ya fito. Saboda haka “rabuwar ninki” da “rabuwar ragi” za su fi aron mitoz da meyoz amfani. Aron yana da illa biyu: kalmomin sun yi kama ƙwarai a kunne, sa'an nan malamin Maraɗi zai furta su da lafazin Faransanci, na Katsina da na Ingilishi, a wayi gari harshe ɗaya yana da sunaye huɗu don abu biyu.

Abin mamaki, manomi ya san bambancin nan tun kafin ya zo ajin yaƙi da jahilci. Ya san itacen rogo in an dasa shi, irin uwarsa yake bayarwa ba canji, domin ninki ne kawai yake aiki. Ya san kuma hatsin da aka shuka daga zangarniya ɗaya ba lalle ya fito iri ɗaya ba, domin gero, mai zare 14, yana ratsawa ta ragi, 7 daga nan 7 daga can, iska kuma tana kawo garin fure daga gonar maƙwabci. Da misalan nan ya kamata darasi ya fara.

Ba gardamar masana harshe kaɗai ba ce. A cutar amosanin jini, in miji da mata kowannensu yana ɗauke da gadon cutar guda ɗaya, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na haifar mai ciwon. In ma'aikacin lafiya ya ce “ɗaya daga cikin ƴaƴa huɗu”, iyayen da suka riga suka haifi marar lafiya guda za su ɗauka sun biya nasu, uku masu zuwa lafiyayyu ne. Ba haka ba ne. Rabuwar ragi ƙuri'a ce da ake sake jefawa a kowane ciki, kuma zare 23 nan suna iya haɗuwa ta hanya fiye da miliyan 8 daga uwa ko uba kaɗai. Kalmar “rabo”, mai ɗauke da ma'anar kaso da ta ƙaddara a lokaci guda, tana ƙara dagula bayanin a nan.

Kalmomin da aka ba da shawararsu a sama ba su wuce gwaji ba tukuna. Hanyar auna su mai sauƙi ce: a karanta wa manyan ɗalibai darasin a Maraɗi da Tawa da Damagaram, rukuni ɗaya da “rabuwa” kaɗai, ɗaya da “ninki” da “ragi”, sa'an nan a tambayi kowa zare nawa ne a ƙwayar da ta fito daga mai 46.