Yawon Ganin Birnin Kano: Abin da Ja-gora Ke Tsallakewa

In baƙo ya sauka Kano yana son ganin gari, akan haɗa shi da ja-gora su ratsa birni a ƙasa. Galibi daga Gidan Makama ake tashi, a tsaya Ƙofar Kudu a dubi fada, a leƙa marinar Ƙofar Mata, a kutsa Kasuwar Kurmi, kana a hau Dala a hango gari duka. Wannan tsari ya yi kyau, gama mai mota ba ya shiga lungu, alhali kuwa a lungu tsohon gini yake.

Na bi irin wannan ayari sau biyu, kuma ban kama ja-gorana da ƙarya ba. Ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Ya ce Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fada, ya kafa Kurmi. Ya kawo zancen Bature Barth da ya zo a 1851, da shigowar Turawan Ingila a 1903. Haka masana suka rubuta. Abin da na ga aibinsa shi ne, tun daga farkon yawon har ƙarshensa sarakuna kaɗai aka ambata, ba a ce uffan a kan magina ba.

Ga misali. Mun shiga wani babban soro a Gidan Makama, ya nuna mana hotuna da kayan yaƙi, ya ce mu wuce. Ba wanda ya ɗaga kai. To, da ya ce mu dubi rufi, da baƙin sun ga abin mamaki. Azara, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta, amma in an shimfiɗa ta da nisa ba ta ɗaukar nauyin ƙasa. Saboda haka magini kan dasa ta cikin bango, ya riƙa ɗora wata bisa wata yana ɗaurewa, kowace ta ɗan fi 'yar'uwarta leƙowa, har na wannan gefe su sadu da na wancan, a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo, da shi ake samun ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Bayanin nan bai fi minti biyu ba.

Haka kuma bango. Don me ya yi kauri a gindi ya sirance a sama? Don me ake shafe shi da makuba, wadda akan samu daga kwasfar ɗorawa? Ko kududdufan da muka riƙa kaucewa muna toshe hanci, ai daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka yi tubalin unguwa.

Wani zai ce baƙo bai zo koyon gini ba. Lalle haka ne. Amma ginin ƙasa kullum yana bukatar yaɓe, in aka bar shi damina kaɗan ta ishe shi. Wanda aka koya masa sunan Rumfa kurum, in ya ga ganuwa ta zube an dasa shago a gurbinta, zai ce ai sunan yana nan cikin littafi. Da muka sauko daga Dala na tambayi ja-goran ko akwai magini a unguwarsu. Ya ce kakansa ma magini ne, bai dai zaci baƙi za su so jin wannan ba.